Shawara ga Masu Auna Saurin Shiri a Ƙarƙashin JIT

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja, duk wanda ya daɗe yana aiki da Java ko JavaScript ko Python, wata rana sai ya so ya san wacce ta fi sauri cikin hanyoyi biyu na rubuta abu ɗaya. Abin da ya fi saurin zuwa hannu shi ne a duba agogo kafin aikin, a sake dubawa bayansa, a ɗebe wannan daga wancan. Haka na daɗe ina yi, har na sha gabatar wa abokan aiki alƙaluman da ba su da tushe, domin ban fahimci cewa a ƙarƙashin JIT shirin yana sauyawa ne a daidai lokacin da ake auna shi ba.

JIT na'ura ce ta manhaja da ke fassara shiri zuwa harshen furosesa yayin da shirin yake gudana. HotSpot, injin da yawancin shirye-shiryen Java ke hawa, yana farawa ne da karanta umarni ɗaya bayan ɗaya, yana ƙirga sau nawa aka kira kowane sashe. Idan kiran ya kai ɗaruruwa sai mai fassara na farko, C1, ya yi masa fassarar gaggawa, idan kuma ya kai dubbai sai C2 ya karɓa ya yi masa gyara mai zurfi bisa abin da aka lura da shi a baya. V8, injin Chrome da Node.js, matakai huɗu gare shi: Ignition, Sparkplug, Maglev da TurboFan. PyPy kuwa, wani injin gudanar da shirye-shiryen Python, ba ya fara bin sawun zagaye don fassara shi sai zagayen ya juya sau 1039. Wanda ya auna sau ɗaya ya tashi, daidai yake da mai awon hatsi da kwanon da girmansa ke sauyawa a hannunsa.

Kuskuren da ya fi ba ni kunya ya faru ne a kan wani ɗan lissafi da na sa a cikin zagaye mai maimaita kansa sau miliyoyi. Na sake fasalinsa, na gwada, sai allo ya nuna lokacin da bai kai ko kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, na kuwa tura wa abokan aiki sakamakon ina cewa na samo hanyar da ta ninka tsohuwar sauri. Wani da ya girme ni a aikin ya ce, “Malam, ƙara yawan zagayen sau goma mu gani.” Na ƙara, lokacin bai motsa ba ko kaɗan. Abin da ya faru shi ne C2 ya lura babu inda ake amfani da amsar lissafin, ya share zagayen gaba ɗaya, kuma yana da damar yin hakan tunda sakamakon shirin bai sauya ba. Haka nan idan ka ba shi adadin da ba ya sauyawa, yakan lissafa amsar tun lokacin fassara ya ajiye. Ku riƙe gwajin nan na ninka aiki, domin idan aiki ya ƙaru lokaci bai ƙaru ba, to ba aikin kuke aunawa ba. Kuma a Java kada ku wahalar da kanku da ƙera ma'auni na kanku: JMH, manhajar auna saurin shirin Java da masu aikin OpenJDK (masu gina Java) suka samar, yana da abin da suka kira Blackhole, inda ake zuba kowace amsa don kada mai fassara ya ɗauke ta a matsayin mara amfani.

Akwai wani tarkon da ya fi wannan ɓoyewa. Na taɓa gwada hanyoyi biyu a gudu ɗaya, ta farko sannan ta biyu, kullum ta farko ce ke cin nasara, sai ranar da na juya jerin na ga wadda take baya ta koma gaba. Muddin wurin da ake kiran wani sashe a cikin shirin bai taɓa ganin komai ba sai nau'in bayani ɗaya, JIT yakan ɗauka haka abin zai ci gaba, ya manna aikin kai tsaye a wurin. Da nau'i na biyu ya iso, sai ya watsar da fassarar, ya koma karatu a hankali, ya sake fassarawa da ƙarin bincike. Ke nan gwajin farko ya gurɓata na biyu. Maganinsa shi ne kowane gwaji a tayar masa da sabon inji, abin da JMH ke yi da kansa. Mai son gani da idonsa ya kunna -XX:+PrintCompilation a Java ko --trace-opt da --trace-deopt a Node.js, zai ga layukan da ke nuna lokacin da aka fassara sashe da lokacin da aka janye fassarar.

Bayan na koyi waɗannan, sai na kafe a kan wata ƙa'ida da kowa ke maimaitawa, wato a bar inji ya ɗumama, a zubar da zagayen farko, abin da ya rage shi ne cikakken sauri. A shekarar 2017 Edd Barrett da Laurence Tratt na King's College a Landan, tare da abokan aikinsu, suka gwada wannan zato da kyau. Sun maimaita kowane gwaji sau 2000 a cikin gudu ɗaya, suka sake tayar da injin sau 30, a kan injuna irin su HotSpot, V8, PyPy da LuaJIT. Sun gano cewa abin da bai wuce kashi 43.5 cikin ɗari ba na haɗin inji da gwaji ne ke kai wa tsayayyen sauri mafi girma a kowane gudu. Wasu ba su taɓa daidaita ba, wasu ma raguwa suka yi bayan sun fara da kyau. Tun da na san haka na daina gamsuwa da matsakaicin adadi guda. Ku ajiye lokacin kowane zagaye, ku zana shi a jadawali, ku duba siffarsa kafin ku yanke inda ɗumama ta ƙare.

Kwamfutar kanta ma tana da nata tasirin. Na taɓa ɓata yini ina neman dalilin da ya sa rabin alƙalumana suka lalace, ashe an ɗauke wuta ne a tsakiyar gwajin, laftof ɗin ya koma kan batir ya rage gudun furosesa. Zafin rana ma yakan sa furosesa ya sassauta don kare kansa. Ku rufe burauza da sauran manhajoji, ku rubuta sigar injin da saitunansa tare da sakamakon.

Tambayar da ya kamata in fara yi wa kaina tun farko ita ce wane sauri ne mai amfani da shirin zai ji a jikinsa. Shirin da ke gudana a saba, wato kwamfutar da ke yi wa wasu hidima ta intanet, na makonni, saurinsa bayan ɗumama shi ne abin dubawa. Shirin da ake kira ya gama aikinsa cikin rabin daƙiƙa kuwa, zai iya rufewa kafin ya ci moriyar C2 sosai, don haka lokacin tashinsa ne ke da muhimmanci, kuma zubar da zagayen farko a nan zubar da amsar ce. Ko masu V8 sun gamu da irin wannan: a 2017 suka daina amfani da gwajinsu na saurin JavaScript mai suna Octane, bayan sun ga cewa gyare-gyaren da ke ƙara maki a cikinsa ba sa ƙara wa shafukan intanet na gaske sauri, wani lokaci ma rage musu suke yi. Saboda haka idan ƙaramin gwaji ya nuna muku riba, ku mayar da gyaran cikin ainihin manhajar, ku ba ta irin bayanan da take karɓa a wurin aiki, ku sake aunawa kafin ku gaya wa kowa.