Idan Aka Cire Mawaƙi, Me Zai Cike Gurbinsa?

Ƙannena masu sha'awar ɗaukar waƙoƙin wasan dandamali irin na Broadway (a New York) da Landan ku mayar da su kiɗan okestira zalla mai sanyi, ga wuraren da muka yi tuntuɓe, ko kwa kauce musu.

Mun fara da zaton aikin bai wuce a cire mawaƙi a dasa goge, wato biyolin, a gurbinsa ba. Ashe kalmomi ne ke ɗauke da rabin nauyin waƙar. Mawaƙi kan maimaita nota ɗaya sau shida ba a gaji da shi ba, don kowane bugu da sabuwar kalma yake zuwa. Ka ba goge wannan layin yadda yake, sai ka ji kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. A haɗe notocin su zama ja ɗaya mai tsawo, a bar celo ko kilarinet ya yi motsi a ƙarƙashi.

Yawancin tsoffin waƙoƙin nan gaɓa 32 ne (gaɓa ita ce ɗan yankin bugu da ake auna kiɗa da shi), kashi huɗu na takwas-takwas. Na farko da na biyu da na huɗu karinsu ɗaya, na uku ne kawai ya fita daban. Ke nan kari ɗaya zai zo sau uku, kuma baitocin da ke bambanta su sun tafi. Dole kowane zuwa ya sake riga: obo shi kaɗai, sannan celo, sai can ƙarshe a saki masu goge gaba ɗaya. Mu kuwa tun gaɓar farko muka sake su, muka isa ƙarshe hannu wayam.

Kada ku riƙe ki ɗin asali, wato matakin sautin da aka ɗora waƙar a kai, wai don girmamawa. An zaɓe shi ne saboda maƙogwaron wani ɗan wasa, shi kuma ba ya nan. Tsirkiyoyin goge G, D, A da E ne, don haka waƙar da ke D-flat takan fi buɗewa idan aka ɗaga ta zuwa D. A dai duba kada karin ya sauka ƙasa da G ɗin da ke ƙarƙashin C ta tsakiya, nan goge ya tsaya. Sarewa ma ƙasanta ba ƙarfi, goge goma suka taso sun haɗiye ta.

Sai zubin nan da ya fito da ƙungiyar madugun makaɗa Mantovani a 1951, wanda Ronald Binge ya tsara, kowa kuma yake son kwaikwaya. Ana raba masu goge rukuni-rukuni. Rukunin farko ya ja notar farko ya riƙe, na biyu ya shigo da ta biyu alhali ta farko ba ta mutu ba, haka har layin ya sauko, sai ka ji kamar amsa-kuwwa a cikin babban gini. Abin yana cin mutane. Ka raba goge takwas gida huɗu, kowane rukuni mutum biyu ke nan, kuma ba abin da ya kai mutum biyu a kan nota ɗaya tona asiri: ɗan saɓanin yatsa kaɗan, kowa ya ji. Ko uku-uku zuwa sama, ko a haƙura. Sannan notocin da aka riƙe maƙwabtan juna ne, suna gogayya, in kod, wato notocin rakiya da ake bugawa tare, ya canza ba a sake su ba sai daɗin ya koma tsami. A gani na gaɓa huɗu zuwa takwas sun isa a waƙa guda.

A ƙasa kuma a bar sarari. Daga C ɗin da ke ƙarƙashin ta tsakiya zuwa ƙasa, notoci masu tazarar uku, kamar C da E, laka suke zama. Tazarar takwas ko biyar kawai.

Kwamfuta ta fi kowa yaudarar mu, don ba ta numfashi. Gaɓa takwas masu bugu huɗu-huɗu a gudun bugu 60 a minti daƙiƙa 32 ne, ba mai sarewar da zai busa su da numfashi ɗaya. A sa masa wurin shaƙa kowace gaɓa biyu zuwa huɗu, ko a raba layin tsakanin mutum biyu. Takardar kilarinet na B-flat a rubuta ta sama da cikakken mataki ɗaya, ta ƙahon F sama da tazarar biyar. Mantuwa ɗaya a nan kan cinye rabin lokacin gwaji, makaɗa na zaune kuɗi na tafiya.

Tsawo kuwa, minti uku da ɗoriya ya wadatar. A gudun 72: shimfiɗa gaɓa 4, waƙar 32, a dawo daga kashi na uku 16, rufewa 4. Kafin a kai ga sayarwa ko watsawa a nemi izinin masu haƙƙin waƙar.

Idan za a ɗaga ki da rabin mataki a dawowar, sau ɗaya ya isa, kuma a tuna da mai garayar Turawa, wato harp. Feda bakwai gare ta, uku a ƙafar hagu, huɗu a dama, kowace ƙafa ɗaya take takawa a lokaci guda. Daga D zuwa E-flat feda biyar za ta canza, uku daga ciki duk a dama. Ku ba ta hutun gaɓa biyu kafin wurin.