Inshorar lafiya bayan ritaya: abin da na duba kafin na biya

Muna aiki ba mu damu da maganar nan ba. Ana cire kuɗi daga albashi, kai da iyali da yara huɗu 'yan ƙasa da shekara 18 kuna da kati, ka je asibiti ka biya kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani, shi ke nan. Sai ranar da ka ajiye aiki za ka gane cewa katin nan da albashi yake tafiya. Kuma a daidai lokacin hawan jini da ciwon suga suke zama baƙin da ba sa tafiya.

Ɗana da ke Abuja ya ce, "Baba, a yi maka na kamfani, ni zan biya." Na ce ya turo mini takardunsu tukuna. Na zauna da tabarau na bi su layi-layi.

Abu na farko da ya tsaya mini a rai shi ne shekaru. Yawancin tsare-tsaren kamfanoni masu rangwame suna tsayawa ne a shekara 60 ko 65. Da ka haura, sai a tura ka tsarin dattawa, kuɗinsa kuma ba ya kama da na matasa. Wani da na gani, kuɗin shekararsa ya fi fanshona na wata biyu.

Amma ba tsadar ce ta fi damuna ba. Ƙananan rubutun da ke ƙasa ne. Ciwon da ka shigo da shi, wasu sai ka jira watanni kafin su ɗauki nauyinsa. To ni maganin hawan jini kullum nake sha, me zan jira? Wasu kuma sun sa wa magani iyaka a shekara, in ka kai, sauran daga aljihunka. Wankin ƙoda sau kaɗan ne, aikin yanar ido kuwa sai ka tambaya da bakinka, ka kuma nemi amsar a rubuce.

Sannan jerin asibitoci. Za ka ga sunaye birjik na Legas da Abuja, in ka zo Gombe sai biyu ko uku. Na je da ƙafata wurin ma'aikacin da ke karɓar kati a ɗaya daga ciki, na tambaye shi ko lambar izinin kamfanin tana zuwa da wuri in an tura mutum Asibitin Koyarwa na Tarayya. Ya ce wani lokaci sai an wuni ana jira.

Daga nan na waiwayi na gwamnati. Dokar NHIA, wato hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, kuma akwai GIFSHIP, tsarin inshorar hukumar wanda mutum shi kaɗai, ko iyali, ko ƙungiya za su iya shiga. Jiharmu ma tana da GoHealth, hukumar inshorar lafiya ta jihar Gombe. Akwai layi, wani lokaci a ce magani ya ƙare ka saya a waje, ba zan ɓoye ba. Duk da haka ga mai ƙaramin fansho, a ganina nan ya kamata ya fara.

Na shiga GIFSHIP ni da Hajiya. Kuɗin da ɗana ya yi niyyar bai wa kamfani kuma na ce ya riƙa ajiyewa a asusu daban, saboda gwaje-gwaje da aikin idon da likita ya ce zan buƙata.