Inda kalori ke tafiya a ƙunshin waakye

Samarin da ke zuwa wurin motsa jikin da nake aiki a Aboabo, nan Kumasi, kusan duk da tsoro guda suke shigowa, tsoron tuwo. Sun ji a bidiyon waya cewa shinkafa da tuwon zafi da dokunu su ke sa tumbi, sai su koma kan ƙwai da tsire da kifin gwangwani. Manhajar da ke wayarsu ta yanka musu kalori 2,000 a rana (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), ta kuma ce su ci giram kaza na kabohaidiret, wato sinadarin ba da ƙarfi da ke cikin irin su shinkafa da tuwo. Da dare su duba su ga kalori ya cika fal, kabohaidiret kuwa ko rabi bai kai ba. Washegari a filin ƙwallo, tun kafin hutun rabin lokaci ƙafa ta yi nauyi.

Dalilin nauyin a fili yake. Jiki na ajiye kabohaidiret a tsoka da hanta, ajiyar da ake kira glaikojin, kuma da ita ake gudu da ɗaga ƙarfe. Idan ba a mayar da abin da aka ƙone jiya ba, yau babu na ɗauka.

A makaranta mun haddace cewa giram ɗaya na kabohaidiret kalori 4 ne, na furotin, sinadarin gina jiki, shi ma 4, na mai kuwa 9. Sai da na zauna da faranti na gaske a gabana na gane nauyin wannan tara ɗin. Ɗauki mai kalori 2,000 da ke son kashi 55 cikin ɗari su fito daga kabohaidiret, wanda yana cikin ma'aunin kashi 45 zuwa 65 da masana abinci na Amurka suka fitar. Kalori 1,100 ke nan, wato giram 275. In ya ci furotin giram 120, an ƙara 480. Saura 420, kuma a cikinsu ne duk man da zai ci ranar zai shiga, kusan giram 47, har da kitsen nama da gwaiduwar ƙwai da gyaɗar miya. Babban cokali ɗaya na man girki kalori 120 ne, daidai da dafaffiyar shinkafa kusan giram 90.

To je ka tsaya wajen mai waakye da safe ka zuba ido. Shinkafa da wake a cikin ganye, wannan ba laifinsa. Sai ta ɗebo miya daga sama inda mai ya taru ja wur, ta ƙara shito, yajin nan da ake soyawa da mai, yana ɗiga, ta yayyafa garin rogon da aka riga aka murza da mai, ta ɗora taliya mai sheƙi da soyayyen kifi. Cokali uku ko huɗu na mai sun shige ba wanda ya ƙirga. Saurayin kuma da bakinsa zai ce, "Hajiya, rage min shinkafar." Abin da nake koya musu su faɗa shi ne, "Hajiya, ɗebo min miyar daga ƙasa, shiton kaɗan, ki ƙara waken." Ba ta jin haushi, don mai ya fi shinkafa tsada a wajenta.

Daga nan sauran canjin masu sauƙi ne. Dafaffiyar doya a maimakon soyayya, dafaffen filanten a maimakon kelewele, tubani a maimakon ƙosai in an samu, sai dai a lura da man da ake zuba masa a kai. Wake na fi so a duk lissafin nan, don yana kawo kabohaidiret da furotin a lokaci guda, ga shi yana riƙe ciki.

Akwai masu neman gajeriyar hanya, su cika giram ɗin da lemon kwalba ko su loda sukari a koko. Lissafin waya zai yi kyau, amma ban yarda da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2015 ta ce sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin yini, wato giram 50 ga mai cin 2,000. A 2023 kuma ta ce kabohaidiret ya fito daga hatsin da ba a cire masa dusa ba, da wake, da ganye, da 'ya'yan itatuwa. Gero da dawa da masarar da muka tashi da su suna cikin wannan sahu. Mai ciwon sukari dai nasa lissafin daban ne, asibiti nake tura shi.

Wurin da ya fi ba ni wuya shi ne gida. Yawancin samarin nan daga tukunyar uwa suke ci, kuma ba ɗan da zai tsaya a kan Inna yana auna mata mai. Ba na so ma ya yi. Abin da muka daidaita a kai shi ne ranar miyar kuka ko kuɓewa ya ci tuwonsa malmala cikakkiya, ranar miyar gyaɗa ko ta ƙwaƙwan manja kuma ya kwashe man saman da cokali kafin ya sa hannu, ya bar soye-soyen titi na wannan yinin.