Wasiƙa daga Barbados: Iskar Gabas da Ke Haɗa Mu da Ku

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina fata kuna lafiya, ya iyali, ya kuma fama da jama'a?

Na rubuto ne a kan iska. Tsibirin Barbados, inda nake zaune, ƙarami ne, bai wuce murabba'in kilomita 430 ba, kuma shi ne na can ƙarshen gabas a jerin tsibiran Karibiyan. Idan mutum ya tsaya a gaɓarsa ta gabas ya fuskanci gabas sak, babu wata ƙasa a gabansa sai ruwan Atalantika, tafiyar kilomita fiye da 4,000, har gaɓar Senegal. Daga wannan ɓangaren iska ke busowa kusan kullum, dare da rana. Ita ce iskar fatake, wadda jiragen ruwa na da, masu manyan ƙyallaye, suka dogara da ita wajen tsallaka teku.

Asalinta ba shi da wuyar ganewa. A tsakiyar duniya rana na dafa iska, ta tashi sama, ta yi arewa da kudu, ta huce, ta sauko, sannan ta sake gangarowa inda ta fito. Juyawar duniya ce ke karkatar da ita, shi ya sa a ɓangarenmu take fitowa daga arewa maso gabas. Hunturunku reshe ne na wannan iskar. A wajenku ta ratso Sahara, ta iso a bushe, tana tsaga leɓe da diddige. A nan kuwa ta kwana bakwai a kan ruwa, ta iso da laima da gishiri.

Ita ta raba tsibirin gida biyu. A gabas, wajen Bathsheba, igiyar ruwa na dukan duwatsu ba hutu, bishiyoyi duk sun sunkuya yamma, kuma ana gargaɗin baƙi kada su shiga iyo, don akwai jan ruwa da ke fizgar mutum zuwa tsakiyar teku. A yamma, wajen Holetown da Speightstown, tudun tsibirin ya tare iskar, ruwa ya kwanta luf, kana ganin ƙafarka a ƙasansa. Can aka jera manyan otal. Tarihin tsibirin ma iskar ce ta rubuta rabinsa. Ita ta turo jiragen da suka kwaso bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma, ita kuma ta juya ɗaruruwan injinan matsar rake da bayin suka yi wa bauta. Ɗaya daga cikin injinan na nan tsaye har yau a Morgan Lewis. Duk ranar da na bi ta wurin, jikina kan yi sanyi.

Abin da na fi so ku sani shi ne ƙurarmu na isowa nan. A arewacin Chadi akwai kwarin Bodele, busasshen gindin tsohon Tafkin Chadi, wanda ke cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya. Lokacin hunturu ƙurar kan bi ta kudu, ta sauka a Kudancin Amurka, har ta zama taki ga dajin Amazon. Daga Yuni zuwa Agusta kuma ƙurar Sahara na hawa can sama ta nufo mu. Sararin sama ya yi fari fat, rana ta dushe, motoci su yi jan gari, hukumar lafiya ta gargaɗi masu asma su zauna a ɗaka. Tun 1965 masana ke auna wannan ƙura a Barbados. A Yunin 2020 an ga wadda aka daɗe ba a ga irinta ba, ta rufe Karibiyan har ta kai Amurka.

Ba ƙura kaɗai kuke aiko mana ba. Kowane yaro a gida ya san hadarin damina daga gabas yake haɗowa. To, idan ya zubar muku da ruwa ya wuce, ba ya mutuwa. Yana bi ta Nijar da Mali, ya faɗa teku ta wajen Senegal da Gini, ya gifta tsibiran Cape Verde. Idan ya tarar da ruwan teku da ɗumi, sai ya fara juyawa, wani ya rikiɗe ya zama mahaukaciyar guguwa. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba idon kowa a nan yana kan gaɓar Afirka. Busasshiyar iskar da ke ɗauke da ƙura kan shaƙe guguwar tun tana ƙarama, don haka hazon da ake kuka da shi wani lokacin shi ne garkuwa.

A ranar 1 ga Yulin 2024 guguwar Beryl ta wuce ta kudancinmu. Ba ta ma taka tsibirin ba, amma igiyarta ta fasa shingen tashar masunta ta Bridgetown, ta lalata jiragen kamun kifi sama da 200. Tsibirin Carriacou na ƙasar Grenada, inda ta sauka, kusan babu rufin da ya tsira. Ba a taɓa ganin guguwa mai wannan ƙarfi da wuri haka a shekara ba, kuma masana sun danganta hakan da ɗumin teku da ya wuce kima. Ga kuma ciyawar teku, sargasum, wadda tun 2011 iskar ke tarawa a gaɓar gabas. Tana toshe wa masunta hanya kamar yadda kachala ta toshe fadamun Haɗeja da Nguru, ta ruɓe, warinta ya kori mutane daga bakin ruwa.

Abin da ya burge ni a Beryl shi ne mutane sun sani tun kwanaki kafin ta iso. Rediyo bai yi shiru ba, an rufe filin jirgin sama, an buɗe makarantu da majami'u don mafaka, kowa ya tanadi ruwan sha da fitila. An yi asarar dukiya, Allah Ya kare rayuka. Masunci a Oistins, garin masunta da ke kudancin tsibirin, ba ya kwance jirginsa da asuba sai ya ji tsayin igiya da ƙarfin iska na ranar, kuma ba wanda ke ganin hakan rashin tawakkali ne.

A nan zuciyata ke komawa gida. Ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024, da ta Mokwa a Mayun 2025, da kwale-kwalen da ke kifewa a Kogin Kwara duk damina, na bi labarinsu daga nesa da hawaye. Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, amma manoma nawa ne a ƙauye ke jin sa da harshensu, a kan lokaci? Ina roƙon gidajen rediyonmu su ware minti biyar kowace safiya don hasashen yanayi da Hausa, gari-gari. Malamai da limamai da masu unguwanni su riƙa isar da gargaɗin ambaliya idan ya fito. Sarkin ruwa a Yawuri ko Baga ya samu lambar da za ta sanar da shi iska na tafe kafin a yi lodin fasinja.

A gaishe da iyaye da yara. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu da ku.

Ɗan'uwanku,
daga Bridgetown, Barbados