Jan ƙarfe da iskar oksijin: abin da na koya a ɗakin gwaji

Kashi 21 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa oksijin ce, amma itace na iya shekara a tsakar gida bai kama da wuta ba. Dalilin yana cikin ƙirar oksijin ɗin: tana da elektron biyu da ke zaune ɗai-ɗai, alhali a sinadaran itace ko mai, elektron duk bibbiyu suke a haɗe. Wannan saɓani ne ke hana su haɗuwa cikin sauƙi. Wasu ƙarafa kuwa, irin su baƙin ƙarfe da jan ƙarfe, sukan miƙa mata elektron har ta sassauta ta shiga aiki. A kan wannan na yi digirina na uku, kuma har yau a kansa nake.

Halittu sun riga mu sanin hanyar. A hantarmu akwai enzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki, mai suna P450, mai baƙin ƙarfe da ke sarrafa magungunan da muke sha. Wanda ya taɓa fasa farin goro ya bar shi a iska ya ga yadda fuskarsa ke rinewa. Aikin wani enzayim ne mai ƙwayar jan ƙarfe biyu. Burinmu mu ƙera ƙaramin sinadari da zai kwaikwayi irin wannan a cikin kwalba.

Malamina ya sa na fara da maimaita gwajin da rukunin Kenneth Karlin suka wallafa a 1988, inda a karon farko aka ga surar oksijin maƙale tsakanin ƙwayoyin jan ƙarfe biyu. Ana haɗa jan ƙarfen da wani sinadari mai riƙe shi, TMPA, a cikin akwatin da aka cika da iskar naitirojin, hannu cikin doguwar safar roba, domin ko ɗan ɗigon iska ko danshi sai ya ɓata komai. Daga nan a tsoma kwalbar cikin asiton da busasshiyar ƙanƙara, sanyin digiri 78 ƙasa da sifili. Ruwan yana nan rawaya-rawaya. Da na zura allura na hura oksijin, kafin ƙiftawar ido ya rikiɗe shunayya mai duhu, har ba a hango ƙasan kwalbar. Na ɗago ta daga sanyin ta ɗan yi ɗumi, sai launin ya gudu, ya bar wani kore mara amfani.

Nan na fara gane cewa launi ba hujja ba ne. Na'ura ta nuna ruwan yana shanye haske mai tsawon zango wajen nanomita 525, daidai da abin da aka wallafa, amma tabbaci sai da muka auna girgizar da ke tsakanin ƙwayoyin oksijin biyun da hasken lesa, muka sake gwajin da oksijin mai nauyin 18 maimakon 16 na wadda aka saba, muka ga alamar ta sauka ƙasa. Tsantsenin yana da dalili. A 1989 Nobumasa Kitajima a Japan ya nuna oksijin na iya zama a gicciye tsakanin jan ƙarfen biyu, daga baya aka tarar haka take a shuɗin jinin wasu halittun ruwa. A 1996 kuma William Tolman ya nuna sauya ruwan narkarwa kaɗai ya isa ya tsinke igiyar da ke tsakanin oksijin biyun, ko ya mayar da ita.

Abin da ya fi cin lokacina shi ne wannan: kama oksijin daban, sa ta aikin da kake so daban. Sinadaran da na ƙera da hannuna sun kama ta lafiya lau, amma in na zuba abin da nake so ta sarrafa, sai in tarar da shi yadda na zuba shi. Da muka auna nauyin mariƙin jan ƙarfen, ya ƙaru da 16, daidai nauyin ƙwayar oksijin ɗaya. Wato oksijin ta afka wa na kusa da ita, ta cinye mariƙin. Enzayim yana da aljihun furotin da ke kai abin da za a sarrafa daidai bakin ƙarfen, ya kuma kare sauran jikinsa. Mu ba mu da wannan gatan, sai mu toshe duk gurbin da ke da rauni da ƙwayoyin da oksijin ba ta iya ci. Na kuma saba da yin kowane gwaji ba tare da ƙarfen ba, don a wasu lokuta aikin kan gudana da kansa, mutum ya ɗauka nasa ne.

Wahalar ta cancanta. Tsofaffin hanyoyin oksidawa (ƙara wa sinadari oksijin ko cire masa haidirojin) da ƙarfen kuromiyam suna barin guba mai yawa, ita kuwa oksijin in ta gama aiki da kyau ruwa take bari. Da kobalt da manganis da iska ake yin asid ɗin da ake ƙera robar ruwan sha da shi. A 2011 Jessica Hoover da Shannon Stahl sun nuna jan ƙarfe da wani sinadari mai taimaka masa, TEMPO, na iya oksida alkohol da iskar ɗaki kawai. Ni hankalina yana kan methane, babban kason gas ɗin da ake ƙonawa a rijiyoyin man Neja Delta. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da shi methanol, wani nau'in alkohol, da taimakon jan ƙarfe, ba zafi ba matsi. Mariƙin da nake ƙerawa yanzu, so nake ya jure ɗumin ɗaki tukuna, sannan in gwada shi a kan wannan gas.