Rabin fuskar Harvey Dent

Asabar, da dare.

Ɗan yayana mai shekara tara ya wuni a wurina yau. Bayan azahar ina tsintar shinkafa, shi kuma yana gefen tabarma da wayata, yana kallon labarin zane na Batman. Can ya juyo min da wayar: "Gwaggo, ga mugun nan. Fuskarsa irin taki ce." Sai ya yi tsit, ya sunkuyar da kai.

Ban yi masa faɗa ba. Tabon ruwan zafi ne a kuncina na hagu tun ina 'yar shekara huɗu, shi ma mugun, Harvey Dent da ake kira Two-Face, wato mai fuska biyu, ɓangaren hagunsa ne ya lalace.

Na daɗe da sanin labarinsa. Bill Finger da Bob Kane ne suka ƙirƙiro shi a 1942, a mujallar zane ta Detective Comics fitowa ta 66. Lauyan gwamnati ne mai gabatar da ƙara a birnin Gotham, kyakkyawa har ana masa laƙabi da Apollo, gunkin Girkawa da ya shahara da kyau. Wani shugaban 'yan daba, Maroni, ya watsa masa asid a cikin kotu. Daga ranar ya rabu biyu. Yana da tsabar kuɗi mai kai biyu, ya kakkarce gefe guda. In ya cilla ta sama lafiyayyen gefen ya fito sai ya yi sassauci, in karcaccen ne sai ta'asa.

Na san abin da mai zanen ke nema, ya nuna zuciya biyu a kallo ɗaya. Abin da ke sosa min rai shi ne kullum ƙonanniyar fatar ake ɗora wa sharrin. A labarin Batman da Frank Miller ya rubuta a 1986 likitoci sun gyara masa fuska sumul, amma ya koma ɓarna, don a idonsa duk fuskar ce ta lalace. Wannan kam na yarda da shi, ciwon a ciki yake. A 2018 ma hukumar fina-finai ta Birtaniya, BFI, ta ce ta daina ba da kuɗi ga fim ɗin da ya mai da tabo alamar mugu.

Bayan magariba na kamo hannunsa na ɗora a kan tabon. Ya shafa a hankali, ya ce, "Gwaggo, yana zafi?" Na ce a'a, sai dai in hunturu ya kama yakan ɗaure, ya yi ƙaiƙayi. Ya tashi ya shiga ɗaki ya ɗauko min man kaɗanya.