Shayi ba suga a sanyin Jos

Wata 3 ke nan da likita ya dubi takardar gwajina ya ce, "Malam, ciwon suga ne." Jinin da aka ɗiba kafin in karya kumallo ya nuna 214, alhali daga 126 zuwa sama an shiga sahun masu ciwon. A nan na gane dalilin ƙishirwar da ta hana ni sakat, da tashi fitsari sau 4 a dare, da wandon da ya soma zamewa daga ƙuguna.

Haɗiyar metformin, ƙwayar rage suga a jini, ba ta dame ni ba. Rabuwa da shayina ce ta yi min ciwo. Wanda ya san hunturun Jos ya san abin da kofi mai kauri yake yi wa mutum bayan Asuba. Shekara 20 ina zama teburin mai shayi ɗaya a Unguwar Rogo: suga cokali 3, madara, rabin burodi. Ranar da na ce a haɗa ba suga, sai da ya ajiye buta ya dube ni. "Lafiya dai, Alhaji?" Na faɗa masa gaskiya. Yanzu yana hango ni zai ture gwangwanin suga gefe ya fasa ƙwai 2 da albasa. Allah Ya saka masa.

A gida kuwa uwargida ta karɓi ragama. Malmala 2 ta koma 1, daidai dunƙulen hannuna, sauran farantin kabeji ne da alayyafo da koren wake daga kasuwar Faringada. 'Yan uwa suka yi ta cewa acha magani ce, in ci son raina. Na cika kwano da gwaten acha, bayan awa 2 na auna, na ga 230. Acha abinci ce mai kyau, amma hatsi ce ita ma, sai da awo.

Minti 150 na tafiya a mako aka ce, don haka daga shagona na Taminus a ƙafa nake komawa da yamma.

Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne ƙafa. Ciwon yana kashe jijiyoyi, mutum ya ƙone bai ji ba. An hana ni miƙa ƙafa kusa da kaskon gawayi, ruwan alwala kuma da gwiwar hannu nake gwada zafinsa. Kowane dare ƙaramar 'yata ce ke haska tocila tsakanin yatsuna, tana cewa, "Baba, yau ma babu komai."